Bakin Wayar da Kawu Ya Bari a Sake

Ranar Talata da hantsi muka kai Kawu makwancinsa a Gumel, kuma tun daga ranar tabarmin ƙofar gidansa ba su huta ba. Ni ɗan ƙanwarsa ne, a hannunsa na tashi, don haka tare da 'ya'yansa aka zaunar da ni ina amsa gaisuwa. An zo daga Gagarawa, an zo daga Sule Tankarkar, an zo daga Maigatari. Kowa in ya ce mana ya haƙuri, ya shafa fatiha, sai ya gyara zama ya kawo nasa labarin. Abin da ya ba ni mamaki shi ne rabin masu zuwan ba su san sunansa na yanka ba. Wani dattijon Bafulatani ya tsaya da sandarsa a bakin rumfa yana tambaya ko nan ne gidan mai shayar da ƙarfe. Sai da aka yi dariya a wurin makoki, har liman ya rufe baki da gefen rawani.

Tsohon maigadin kamfaninmu kuwa kuka ya yi sosai, wai shekara goma yana tsokanar mutumin nan bai taɓa neman gafararsa ba. Wani direba ɗan Damagaram ya ce shi malamin kuran ya sani, don su can haka suke kiran lantarki. Amma maganar da ta fi zama a raina ta wani mai sarin mai ce. Ya ce shi bai san komai a kan waya ba, abin da ya sani kawai agogon awon zafin da Kawu ya sa wa hannu ba ya ƙarya. Duk wurin aka ce haka ne.

To, wannan shi ne gadon. Kawu bai bar shanu ba, bai bar bene ba. Akwatin kayan aiki ya bari, da wannan sunan. Ni kuma akwai lokacin da na kusa rushe sunan nan da hannuna, shi ya sa nake so in rubuta yadda aka yi, kada jikoki su tashi su ji wai kakansu wani tsoho ne mai zuba wa ƙasa ruwa kawai.

A kamfanin matsar man gyaɗa da ke bayan gari muke aiki. Kafin a matse gyaɗa sai an turara ta a wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe. In zafi bai kai ba mai ba ya fita, in ya wuce kuma man ya yi baƙi ya yi ɗaci, tunkuzar ta ƙone har akuya ta sunsuna ta wuce. Ba mai iya tura hannu cikin tukunyar, saboda haka akwai wani ɗan tsinken ƙarfe da ke jin zafin daga ciki, waya ta ɗauko saƙonsa ta kai wa agogo mai allura a jikin bango. Aikina shi ne in zuba wa allurar ido, in buɗe tururi ko in rage. Aikin Kawu kuma shi ne allurar ta faɗi gaskiya. A tashar jirgin ƙasa ya fara koyon waya yana saurayi, ya yi shekaru a kamfanonin Kano, sannan ya dawo gida da furfura da tarin ƙa'idodi.

Ƙa'idarsa ta farko, duk wanda ya yi kwana biyu a kamfanin ya haddace ta. Yakan ce wuta baƙuwa ce, in ba ka nuna mata hanyar ƙasa ba ta jikinka za ta bi. Kowane ƙarfe a wurin nan, inji ne, ƙofa ce, tukunya ce, sai da ya ɗaura masa waya ta tafi har wani rami a bayan ɗakin inji, inda ya kafa doguwar sandar jan ƙarfe. Ƙasarmu rairayi ce, shi kuwa ya ce busasshen rairayi ba ya karɓar wuta. Don haka ya cika ramin da gawayi da gishiri, kuma kullum da safe, kafin ya gaisa da kowa, sai ya juye masa bokitin ruwa. Daga nan sunan ya samo asali. In ya je Maigatari ranar Alhamis, gishirin ramin yake fara saye kafin na gida. Iya, matarsa, ta sha cewa ita dai ta ga ta kanta, ta auri mutumin da ke jiƙa wa rami gishiri ya bar miya lami.

Shekarar farin nan, lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira, ruwa ya yi wuya. Rijiyar kamfani ta ja baya, ana jira ta tara kafin a ja. Ran nan maigadi ya tare Kawu da bokitinsa, ya ce wallahi ba za a zuba wa ƙarfe ruwa ba alhali dabbobi na faɗuwa a hanya, ya ƙara da cewa shi dama ya daɗe yana zargin abin nan tsafi ne. Kawu mutum ne mai saurin hawa. Ya dire bokitin, ya ce wa maigadi in tsafi ne to shi ne tsafin da ya hana a kwashi gawarsa a jikin ƙofar ƙarfen da yake jingina kullum. Aka yi ta cacar baki sai da aka raba su. Washegari sai ga Kawu ya turo wani faffaɗan dutse ya ɗora a bakin ramin, ya ajiye butoci biyu, ya ce daga yau duk mai alwala a nan zai yi. Ruwa bai salwanta ba, rami bai bushe ba. Maigadin ma nan ya koma yi, yana yi yana mita.

Haka yake. Zai yi maka faɗa kamar ya cinye ka, an jima ka same shi yana gyara wa uwarka fitila bai karɓi ko goro ba. Ni Bahago yake kirana, don da hagu nake komai, kuma bai taɓa yabona a gaban idona ba. In na yi abu daidai sai ya ce to, ba laifi.

A shekarar nan ce aka yi wa surukinsa rasuwa a Ɗanzomo, ya tafi kwana huɗu. Ranar Asabar ana share-share na leƙa bayan tukunya, sai na lura da wayar agogon. Wayar nan tana da riga, wata saƙa ta siraran zaren jan ƙarfe da ta lulluɓe ta tun daga tukunya har bango. A can wajen agogo Kawu ya ɗaure rigar da wayar ƙasa tsaf. A nan wajen tukunya kuwa ya naɗe bakinta da baƙin tef ya bar ta a sake, ba ta taɓa komai ba. Na ce kai, tsufa ya fara kama Kawu. Mutumin da ke cewa kowane ƙarfe sai ya sha ƙasa, ga shi ya manta da wannan. Har tausayinsa na ji. Na ɗauko filaya na warware tef ɗin, na murɗe saƙar, na ɗaure ta tam da ƙusar jikin tukunya. Na koma gefe ina kallon aikina ina jin daɗi, na ce na rufa wa Kawu asiri ba wanda ya sani.

Karambanin akuya ke nan, gai da kura.

Ranar Litinin aka tayar da babban injin matsa. Allura ta ɗan yi rawa, ta zauna ƙasa da inda ta saba. Na ƙara tururi. Ta ƙi hawa, na ƙara. Hancina ya gaya mini akwai ƙauri, amma na ce hanci yana ƙarya, agogon Kawu ba ya yi. Kwana biyu muna haka. Man da ya fito baƙi ƙirin, tunkuza kamar gawayi. A shekarar da manomi ke kawo gyaɗa a ƙwarya maimakon buhu, mu muka ƙona ta kwana biyu. Manajanmu, wani matashi ne Bakano mai takardar makaranta, ya zo ya lakaci man ya ɗanɗana, ya tofar, ya sa aka kashe inji. Ya tura ma'aunin zafi na hannu cikin gyaɗar, ya dubi bango, ya ce agogon nan maƙaryaci ne. Ban taɓa jin an faɗi haka a kamfanin ba, kuma har lokacin ban kawo a raina cewa ni ne ba.

Laraba da safe Kawu ya dawo, ko gida bai biya ba aka tare shi da labari. Ya fara da ramin, ya tarar da shi a jiƙe. Ya buɗe agogo, lafiya lau. Sai ya kama wayar yana bin ta da yatsa taku-taku, mu kuma muna biye da shi, ni da manaja da sauran ma'aikata, har ya zagaya bayan tukunya. Nan ya tsaya. Ya durƙusa ya daɗe yana kallon ɗaurin. Ni da nake tsaye a kansa na ga abin da yake kallo. Kowa in zai murɗe waya dama yake murɗawa, wannan kuwa hagu aka murɗa ta. Bai ɗago ya dube ni ba, ya sa filaya ya kwance, ya mayar da tef.

Manaja ya tambaye shi abin da ya faru, kuma aikin wane ne.

Kawu ya miƙe yana kaɗe gwiwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne."

Manaja bai ja magana ba. Ya ce yana ganin girmansa, amma kamfani ba zai dogara da idon da ya fara gajiya ba. Ya ce ranar Asabar ya kawo mabuɗan ɗakin inji, za a nemo wani daga Kano. Kawu ya ce to. Na buɗe baki, sai na tuna matata na da tsohon ciki, rumbunmu babu ko dami, samari kuma na ta tafiya kudu neman abin da za su ci. Na rufe bakina. Da aka tashi na ga Kawu ya ɗora akwatin kayan aikinsa a bayan keke, akwatin da tun da aka kafa kamfanin bai taɓa kwana a gida ba. Maigadi ya buɗe masa ƙofa, ranar ko tsokana babu.

Kafin la'asar ta yi sanyi magana ta zaga kasuwa, wai agogon tsoho ya fara ƙarya. A wajen mai shayi na ji wani yana cewa dama mutum in ya fara shayar da ƙarfe ai sai a yi masa addu'a. Aka kwashe da dariya. Ban iya shanye shayin ba.

Na isa gida na kasa cin tuwo. Maiɗakina ta matsa, na gaya mata duka. Ina tsammanin za ta ce in yi shiru saboda abin da ke cikinta. Ina! Ajiye ludayi ta yi ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce ita yunwa ba baƙuwarta ba ce, ta san ta tun tana gidan ubanta a Gagarawa, amma ba ta san yadda za ta ci tuwon da aka saya da mutuncin tsohon da ya biya mata sadaki ba. Ta ce in an haifi ɗan, wa zan kai wa ya yi masa huɗuba? Wallahi na ji haushinta, don gaskiya ta faɗa.

Da safe na tarar da Kawu a bakin ramin da bokitinsa. An sallame shi, amma wai ramin bai san an sallame shi ba. Na gaishe shi, na ce zan shiga wajen manaja. Nan take ya sha mur.

"Bahago, in ka isa ka shiga. Ni na riga na yi magana."

"Kawu, ai ba kai ka ɗaura ba."

"Na ce maka ni na ɗaura? Cewa na yi laifina ne. Na koya muku rabin karatu na riƙe rabi, wa zan zarga? Ni na ci zamanina. Kai da me za ka ciyar da 'yar mutane?"

Tun da nake ban taɓa tsallake maganarsa ba sai ranar. Na shiga ofis, na ce wa manaja ni ne, na faɗi ranar da na yi da dalilin da ya sa. Manaja ya dube ni kamar bai yarda ba. Ya ce ta yaya ƙara wa waya ɗauri zai sa agogo ya yi ƙarya, ai sai dai ya ƙara masa lafiya, ko dai ina so in ceci kawuna ne? Ashe shi ma da takardarsa bai sani ba. Ya aika a kira Kawu.

Kawu ya shigo fuska a murtuke, ko inda nake bai kalla ba. Ya ce a tayar da inji. Aka tayar, allura ta hau ta tsaya cak inda ya kamata. Ya ce manaja ya tsaya a gaban agogo, shi kuma ya zagaya bayan tukunya ya taɓa bakin saƙar da jikin ƙarfe. Allura ta yi rawa ta sauka. Ya ɗage, ta koma. Ya sake taɓawa, ta sake sauka. Sau uku ana haka, ma'aikata sun cika ƙofa suna leƙe. Sannan ya yi bayani, kuma ban taɓa jin ya yi magana a hankali kamar ranar ba. Ya ce saƙon da tsinken nan ke aikawa raɗa ce, injuna kuma ihu suke yi. Rigar ita ke tare ihun ta zubar da shi ƙasa ta baki ɗaya. In ka ɗaure baki biyu, ɓatacciyar wutar inji ta samu hanya ke nan, ta shiga nan ta fita can, tana tafe tana gogar raɗar har ta rikita ta. Ya ce ɗaki mai ƙofa ɗaya shi ne ɗaki, in ka fasa masa ta biyu ya zama lungu, har akuya sai ta ratsa.

Manajan nan, Allah ya saka masa, ba mai girman kai ba ne. A gaban kowa ya ce Baba a yi haƙuri, agogo bai yi ƙarya ba, mu ne muka sa shi. Ya ce maganar mabuɗi ta wuce. Ni kuma aka cire ni daga tukunya aka mayar da ni dakon buhu wata uku, kuma na san an yi mini sauƙi. Kafin azahar maigadi ya kai labari kasuwa da bakinsa, ya ƙara masa gishiri fiye da na ramin.

Kawu fa bai huce ba. Mako guda ina gaishe shi yana amsawa da ka. Ranar sunan ɗana ya zo ya yi huɗuba, ya ci waina, ya ce yaron ba laifi, Allah ya sa kada ya gado taurin kan ubansa. Abin da ya canza shi ne duk ranar Asabar bayan shara yakan tara mu, har da manaja, ya ɗauki waya ɗaya ya ce yau ga dalilin wannan. A bakin saƙar nan kuma ya rataya ɗan kwali, ya rubuta da boko da ajami cewa da gangan aka bar ta. Amma maganar ranar nan bai sake tayar da ita ba, ni ma ban tayar ba. Shekara biyar muna aiki kafaɗa da kafaɗa, muna cin abinci a kwano ɗaya, ina jin daɗin zama da shi, amma can ƙasan raina ina ganin har yanzu yana riƙe da ni, don na ƙi jin maganarsa a gaban mutane. Da ciwo ya kwantar da shi na yi niyyar in nemi gafara. Kullum in na je sai ya riga ni da tambayar ko an zuba wa rami ruwa, mu ɓige da hirar aiki. Har Allah ya karɓi abinsa ban faɗa ba.

Ranar sadakar bakwai, da mutane suka ragu, na shiga cikin gida gaishe da Iya. Tana zaune a kan tabarma cikin kayan takaba, da carbi a hannu. Na yi mata ya haƙuri, sannan na kasa riƙewa, na ce ina tsoron Kawu ya tafi da fushina a kan maganar wayar nan. Sai ta yi murmushi, irin wanda ban gani a fuskarta ba tun rasuwar.

Ta ce ranar da ya kawo akwati gida, a zaure ya zauna har magariba, abinci ma ya ce a ba yara. Ta ce shekara talatin da aurensu ba ta taɓa ganin ya tsufa ba sai ranar. Washegari kuwa da azahar sai ga shi ya faɗo gida yana ƙwala mata kira tun daga ƙofa, wai a kawo tuwo, ya cinye malmala biyu ya nemi ƙari.

"Na ce Malam lafiya? Ya ce, 'Iya, yau ɗan ƙanwata ya sa abincin bakinsa ya fanso mini sunana. Na hana shi, ya ƙi hanuwa. Ashe na yi ɗa.' Yana faɗa yana share ido da hannun riga. Sannan ya ce in na kuskura na gaya maka bai yafe ba, wai kanka zai kumbura ka koma taɓa masa wayoyi."

Ta ja carbinta, ta ce yanzu dai ta faɗa, in sun haɗu can sa ƙarasa faɗan.

Na zauna a gabanta ina dariya hawaye na zuba, na rasa wanda zan tsayar a ciki. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya sa ƙasar da ya yi wa hidima ta yi masa sanyi. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.